Wa Ya Aiki Ɗan Aike? Kwamitin Jam'iyya Na Mazaɓa Tsakanin Cin Zaɓe Da Riƙon Amana

Gabatarwa

Duk lokacin da guguwar zaɓe ta taso, wanda ya biyo titin Zariya daga Gyaɗi-Gyaɗi ya nufi tashar Unguwa Uku da wuya ya ga bango ko turken wutar lantarki da ya tsira daga hotunan 'yan takara. Idan an kaɗa ƙuri'a an ƙidaya, sunan mai hoton nan ake faɗa a rediyo, gidansa ake cikawa da 'yan taya murna, shi kuma mawaƙa suke wasawa. Ba kasafai ake tunawa da wanda ya liƙa hoton da tsakar dare ba, balle wanda ya bi lungu-lungu yana roƙon maƙwabta su fito, ko wanda ya wuni a rumfar zaɓe ba ci ba sha yana gadin akwati. Waɗannan bayin Allah su ne shugabannin jam'iyya na mazaɓa da mataimakansu na akwati-akwati, waɗanda 'yan siyasa kan kira esko a taƙaice.

Muna so a wannan fitowa mu ɗan tattauna da 'yan'uwa marubuta a kan waɗannan mutane. Ba mu da katin kowace jam'iyya a aljihu, alli da allo ne sana'armu. Sai dai da yake yawancin rumfunan zaɓe a harabar makarantu ake kafa su, mun daɗe muna kallon aikin nan ta tagar aji, kuma abin da muka gani ya bar mana wata tambaya da ta wuce lissafin ƙuri'a. Tambayar kuwa ita ce: shi wannan ɗan kwamiti da ke kai-da-kawo tsakanin ɗan takara da mutanen unguwa, ɗan aiken wane ne? Idan kuma aka ci zaɓe da guminsa, sannan wanda aka zaɓa ya juya wa jama'a baya, akwai alhaki a wuyansa, ko kuwa ya fita tun ranar da aka rufe akwati?

Su Wane Ne Kwamitin Mazaɓa?

Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 bai yarda da ɗan takara mai zaman kansa ba. Duk mai son kujera, daga majalisar jiha har shugaban ƙasa, dole jam'iyya ce za ta tsayar da shi. Ita kuwa jam'iyya gininta irin na dalar gyaɗa ne da iyayenmu suka sani a Kano: buhun da ke kan tsini shi ake hange daga nesa, amma buhunan ƙasa su ke ɗauke da nauyin. A sama akwai shugabannin ƙasa, sai na jiha, sai na ƙaramar hukuma, sai na mazaɓa a can ƙasa. Nijeriya tana da ƙananan hukumomi 774 da mazaɓu 8,809, kuma a 2021 hukumar zaɓe ta ƙara yawan rumfunan zaɓe suka kai 176,846. Jihar Kano kaɗai tana da ƙananan hukumomi 44 da mazaɓu 484.

Ƙaramar hukumarmu ta Tarauni, wadda sakatariyarta take Unguwa Uku, mazaɓu goma gare ta: Tarauni, Unguwa Uku, Gyaɗi-Gyaɗi Arewa, Gyaɗi-Gyaɗi Kudu, Darmanawa, Daurawa, Babban Giji, Hotoro, Ƙauyen Alu da Unguwar Gano. A kowace ɗaya daga cikinsu, duk jam'iyyar da ta amsa sunanta tana da ciyaman, da sakatare, da ma'aji, da shugabar mata, da shugaban matasa, da sauran muƙamai. Ofishinsu sau da yawa shago ɗaya ne mai tuta a ƙofa da benci biyu a ciki. Mutanen da ke riƙe da muƙaman nan kuwa ba baƙi ba ne. Za ka sami tela, da mai shayi, da ɗan kasuwar Tarauni, da dillalin kasuwar 'Yan Awaki, da direban mota, da ungozoma, da tsohon malamin makaranta. Tare muke jana'iza, tare muke ɗaurin aure, 'ya'yansu kuma su ne ɗalibanmu.

Yadda Suke Cin Zaɓe

Aikin kwamitin mazaɓa yana farawa tun kafin a fara jin ƙarar lasifika. Su ne suka san gidan da yara suka kai shekara 18 ba su yi rajista ba, da wanda ya tashi daga Daurawa ya koma Darmanawa bai sauya rumfarsa ba, da wanda katinsa yake ajiye a ofishin hukumar zaɓe bai je ya karɓa ba. Taron gangami na iya cika fili har ya toshe hanya, amma wanda ba shi da kati ɗan kallo ne, kuma ba a ƙidaya tafi. Shugabar mata tana da nata aikin da ba wanda zai iya yi mata, domin ita ke shiga gidajen da aka rubuta wa "ba shiga". Idan muka tuna cewa matan Arewa ba su sami 'yancin kaɗa ƙuri'a a babban zaɓe ba sai a 1979, alhali yanzu layinsu kan yi gogayya da na maza a rumfuna, za mu gane nauyin wannan muƙami.

Aiki na biyu shi ne fidda gwani. A zaɓukan share fage na 2022, wakilan da aka tsamo daga mazaɓu, wato daliget, su ne suka fitar da 'yan takarar gwamna da na majalisu a manyan jam'iyyu. Ma'anar wannan ita ce, kafin talaka ya ga takardar ƙuri'a, wasu 'yan tsirarun maƙwabtansa sun riga sun tace masa sunayen da zai zaɓa daga ciki.

Aiki na uku na ranar zaɓe ne. Kwamiti ne ke tura wakilin jam'iyya, wato ejan, zuwa kowace rumfa, ya ga an buɗe akwati babu komai a ciki, ya ga an tantance masu zaɓe, ya tsaya a ƙidaya a gabansa, ya sa hannu a takardar sakamako, ya karɓi kwafinsa, sannan ya raka ta zuwa cibiyar tattara sakamako ta mazaɓa. Mai ganin wannan ƙaramin aiki ne ya tuna abubuwa biyu da suka faru a Kano. A 2019 hukumar zaɓe ta ce zaɓen gwamna bai kammala ba, aka sake a wasu rumfuna ranar 23 ga Maris, har mazaɓar Gama ta ƙaramar hukumar Nasarawa ta zama abin magana a faɗin ƙasa. Da aka gama, tazarar da ke tsakanin Abdullahi Umar Ganduje da Abba Kabir Yusuf ƙuri'a 8,982 ce. Idan ka raba wannan adadi a kan mazaɓu 484, bai kai ƙuri'a 19 a kowace mazaɓa ba, wato mutanen gida biyu ko uku ke nan. Sai kuma 2023, lokacin da kotun sauraren ƙarar zaɓe ta soke ƙuri'a 165,663 daga cikin na Abba Kabir Yusuf bisa hujjar cewa takardun ba su da hatimi ko sa hannu. Shari'ar nan ba ta ƙare ba sai ranar 12 ga Janairu 2024, da Kotun Ƙoli ta maido da ƙuri'un. Batun hatimin da ejan mai lura zai iya tayarwa cikin minti ɗaya a rumfa, shi ne ya riƙe jiha guda kusan wata goma a gaban alƙalai.

Abin Da Tarihin Kano Ya Nuna

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. An kafa jam'iyyar NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, cikin waɗanda suka kafa ta akwai Abba Maikwaru da Magaji Dambatta da Mudi Sipikin, kuma Malam Aminu Kano ya zama shugabanta a 1953. Abokiyar hamayyarta NPC ta jingina da tsarin En'e, hakimai da dagatai da masu unguwanni su ne idonta da kunnenta. NEPU ba ta da wannan gata, sai ta dogara da rassa a unguwanni da ƙauyuka, waɗanda teloli da ƙananan 'yan kasuwa da malaman zaure suka riƙe. Ko da yake uwar jam'iyya ta sami tallafi daga ƙawarta NCNC, ɗan reshe da kuɗinsa yake yankar kati, kuma abin da ya fi tsammani daga siyasa shi ne sammaci daga kotun alƙali. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya ta sha ɗauri a kan wannan tafiya. A zaɓen 1951 NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, amma da yake zaɓen hawa-hawa ne, kuma En'e tana da damar cusa nata mutanen a matakin ƙarshe, ba ɗan NEPU ko ɗaya da ya isa majalisar Kaduna. Duk da haka rassan ba su watse ba. A 1959 Malam Aminu ya ci kujerar majalisar tarayya ta Kano ta Gabas, kuma bayan shekara goma sha uku na mulkin soja, a kan tsofaffin saiwoyin nan PRP ta tsiro, ta ci gwamnan Kano da na Kaduna a 1979. Ba muna cewa zamanin nan ba shi da aibu ba ne, domin an yi doke-doke da jifa a tsakanin ɓangarorin biyu. Abin lura shi ne, reshe a lokacin makaranta ne, ana zama a karanta jarida a fassara, a yi muhawara a kan haraji da jangali da shari'a.

Darasi na biyu ya zo a 1983. Bayan rabuwar PRP gida biyu, Santsi da Taɓo, Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya sauka daga kujera ya koma NPP ya tsaya takara. Ba wanda zai musa farin jininsa ko iya maganarsa, amma Sabo Bakin Zuwo na PRP ne ya ci zaɓen, 'yan watanni bayan rasuwar Malam Aminu a watan Afrilun shekarar. Dalilai suna da yawa, sai dai ɗaya daga ciki a fili yake: jama'a da dama ba su yarda su bar gidan da suka gina da hannunsu ba.

Darasi na uku ya fi ban mamaki. A 1989 gwamnatin Janar Babangida ta ƙirƙiro jam'iyyu biyu, SDP da NRC, ta rubuta musu manufofi, ta gina musu ofisoshi a ƙananan hukumomi da kuɗin gwamnati. Gini ya samu, amma zukatan da ke cikinsa na tsohuwar siyasa ne. SDP ta fi ƙarfi a Kano, sai dai rikicin cikin gida ya sa wani ɓangarenta ya ƙi yi wa ɗan takararta aiki, Kabiru Gaya na NRC ya zama gwamna a zaɓen Disamba 1991. Muna yara a lokacin, amma ba mu manta da layin ƙato-bayan-ƙato ba, inda kowa ke ganin wanda maƙwabcinsa ya bi. Bayan shekara ɗaya da rabi, ranar 12 ga Yuni 1993, mutanen nan na ƙasa suka haɗa kai, Abiola na SDP ya kayar da Bashir Tofa a jiharsa ta haihuwa. Haka kuma a 2022, da Rabi'u Musa Kwankwaso ya koma NNPP, jam'iyyar da kafin nan ba a san ta sosai a Kano ba, mutanensa na mazaɓu suka sauke tuta suka ɗaga wata, kuma cikin shekara guda ta ci gwamna. Duk waɗannan misalai abu ɗaya suke faɗa mana, wato inda mutanen mazaɓa suka karkata, nan sakamako yake karkata.

Jarin Da Ake Cin Zaɓe Da Shi

To, da me ɗan kwamiti yake juya ra'ayin unguwa, alhali ba shi da kuɗi ba shi da mulki? Bari mu ba da labarin da ya faru a kan idonmu. Muna da wani maƙwabci tela, mutumin kirki, wanda ya taɓa riƙe sakataren wata jam'iyya a mazaɓarmu. Shi ne kan gaba wajen haƙa kabari, shi ke kai mara lafiya asibiti da tsakar dare. Ana saura kwana uku zaɓe ya yi sallama a gidan wata tsohuwa da ke riƙe da jikoki marayu, ya durƙusa ya ce, "Iya, wannan karon ki taimake ni. Mutumin nan ya yi mana alkawarin gyara kwatar layin nan kafin damina." Tsohuwa ta ce, "Ɗan nan, ni ban san shi ba, ko a hanya na gan shi ba zan shaida shi ba. Kai na sani. Tun da ka ce a yi shi, ni da surukaina mun yi shi."

Aka ci zaɓe. Damina ta zo, ruwa ya shiga ɗakin Iya ya jiƙa mata katifa da ɗan hatsinta. Ta tare tela a ƙofar gida ta ce, "Ɗan nan, ina mutumin naka?" Ya rasa ta cewa, domin shi kansa ya yi sintiri gidan mutumin har masu gadi sun gane takalminsa, bai sami ganinsa ba. Tun daga ranar ya sauya hanyar zuwa masallaci. Da wani zaɓen ya zagayo, wasu suka kawo wa Iya taliya da sabulu, ta karɓa ta yi godiya, ranar zaɓe kuwa ta ja ƙofarta ta rufe.

Mai karatu ya lura da kalmar tsohuwar nan: kai na sani. Ƙuri'ar da ta kaɗa bashi ce ta ba maƙwabcinta, abin da ya jinginar kuwa mutuncinsa ne, wanda ya shekara ashirin yana tarawa a maƙabarta da asibiti da wurin suna. Ɗan takara ya ci zaɓe da jarin da ba nasa ba. Da ya ƙi biya, wanda ya tsaya masa aka kama. Ita kuma unguwa ta yi asarar abin da ya fi katifa tsada, wato yarda da maganar mutumin kirki. Muna ganin irin wannan asara tana cikin abin da ya sa a zaɓen shugaban ƙasa na 2023 waɗanda suka fito ba su kai kashi 30 cikin ɗari na masu rajista ba.

Uzurori Uku

Idan ka zauna da 'yan kwamiti, za ka ji uzurori da bai kamata a yi watsi da su ba tare da an auna su ba. Na farko shi ne talauci. Za su ce ɗan takara sau ɗaya ake ganinsa a shekara huɗu, don haka abin da ka samu a hannunsa kafin zaɓe shi ne rabonka. Gaskiya ne ba a yi wa mai jin yunwa wa'azin ƙoshi, kuma wanda ya bar shagonsa ya wuni yana aiki ya cancanci ladan wahalarsa. Amma akwai bambanci tsakanin karɓar kuɗin mota da na abinci don aikin da ka yi, da karɓar kuɗi don ka shaidi mutumin da ka san ba shi da amana. Na farko lada ne. Na biyu shaidar zur ce, kuma ba mu san wata al'ada ko addini da ya halatta ta saboda talauci ba. Daliget ɗin da ya sayar da ƙuri'arsa a daren fidda gwani ya sayar da zaɓin dubban mutanen da ba su ba shi izini ba.

Uzuri na biyu shi ne, in ban raba ba abokin hamayya zai raba, kuma shi zai ci. Wannan magana tana da ƙarfi, domin ba wanda ke shiga takara don ya faɗi. Sai dai ciniki ne da ba ya tsayawa inda aka faro shi. Wanda ka saya da sabulu bana, baɗi atamfa zai nema, kuma ranar da wani ya fi ka tayi ya tafi. Da zarar ƙuri'a ta zama haja, ɗan takara ba ya bukatar mutumin kirki a mazaɓa, dillali yake bukata, in dillali ya gaza kuma sai a nemo 'yan jagaliya. Ashe ɗan kwamitin da ke raba kuɗi yana sare reshen da yake zaune a kai ne. Wasu ƙasashe sun bi wannan hanya kafin mu. A birnin Shikago na Amurka, zamanin magajin gari Richard Daley, daga 1955 zuwa 1976, jam'iyya tana da wakili a kowace rumfa, ana saka masa da aikin gwamnati gwargwadon ƙuri'ar da ya kawo. Tsarin ya ci zaɓe shekara da shekaru, amma sai da kotuna suka shiga suka hana ɗauka da korar ma'aikata saboda siyasa, sunansa kuma ya zama abin misali idan ana zancen siyasar ubangida.

Uzuri na uku ya fi sauran nauyi, domin shi ma da sunan amana yake zuwa. Ɗan kwamiti zai ce jam'iyya ce ta ba ni muƙami, biyayya gare ta wajibi ce, wanda ta tsayar shi zan yi wa aiki ko ina so ko ba na so. Lalle jam'iyyar da kowa ke yin gaban kansa ba za ta kai labari ba, abin da ya sami SDP a 1991 ya isa shaida. To amma wace ce jam'iyyar? Wani masani Bajamushe, Robert Michels, ya yi nazari a 1911 ya nuna cewa kowace jam'iyya, komai son talakawanta, tana da halin tattara iko a hannun 'yan ƙalilan na sama. Mun ga haka da idonmu. Sashe na 223 na tsarin mulki ya ce a riƙa zaɓen shugabannin jam'iyya ta hanyar dimokuraɗiyya lokaci-lokaci, amma sau nawa aka rubuto sunayen esko a falon wani babba aka kawo mazaɓa da sunan maslaha? Wanda aka naɗa ta wannan hanya ya san wanda ya aike shi, kuma ba unguwa ba ce. Biyayyar da ake nema daga gare shi biyayya ce ga mutum ɗaya, an lulluɓe ta da tutar jam'iyya.

Matsayinmu

A ganinmu amsar tambayar da muka faro da ita tana cikin asalin abin da ya ba ɗan kwamiti daraja. Jam'iyya ba ta neme shi don kyansa ba, ta neme shi ne don unguwa tana jin maganarsa. Tun da daga unguwa ƙarfinsa ya fito, ita ce ta fara aikensa, kuma ita ce ta fi cancanta ya kawo wa amsa. Ɗan aiken kirki yakan kai saƙo ya kuma dawo da jawabi. Wanda kullum daga sama yake sauko da saƙo, bai taɓa hawa da kukan jama'a ba, ya yi rabin aiki. Saboda haka alhakinsa ba ya ƙarewa ranar zaɓe. Ba za a kama shi da laifin da zaɓaɓɓe ya yi a ofis ba, domin Allah kaɗai ya san zuciyar mutum. Za a kama shi da abu uku: abin da ya sani game da ɗan takara ya ɓoye, da alkawarin da ya ɗauka da bakinsa alhali ba shi da tabbas, da shirun da ya yi bayan an saɓa.

Maƙwabcinmu tela bai yi ƙarya da gangan ba, shi ma yaudararsa aka yi. Kuskurensa shi ne sauya hanyar masallaci. Da ya koma gaban Iya ya ce, "Na shaidi mutumin nan, ya ba ni kunya, kuma ba zan sake kawo miki shi ba," da ya biya rabin bashin, domin ya nuna mata maganarsa tana da farashi a wurinsa. Kwamitin da ya san darajar kansa zai rubuta duk alkawarin da ɗan takara ya yi a mazaɓa, da rana da wuri da shaidu. Zai riƙa kiran kansila da ɗan majalisa zama a gaban jama'a ko da sau biyu ne a shekara. Zai tara ɗan kuɗin kati daga 'ya'yansa don biyan hayar shagonsa, domin wanda ke biya maka haya shi ke da makullinka. In wanda aka zaɓa ya ci amana, kwamiti ya gaya masa a fili cewa ba za a sake jinginar da mutuncin unguwa dominsa ba. Mutum 19 a kowace mazaɓa sun isa su sa a saurari wannan gargaɗi.

Mu ma da muke kiran kanmu 'yan boko ba mu fita ba. Muna raina taron mazaɓa, muna cewa na marasa aikin yi ne, sannan idan an kawo mana sunaye biyu marasa daɗi a takardar ƙuri'a mu cika majalisa da ƙorafi. Wanda ya ƙi zuwa wurin yanka ba shi da bakin cewa an ba shi ƙashi.

Kira Ga 'Yan'uwa Marubuta

A zamanin NEPU da NPC alƙalami bai zauna gefe ba. Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Aƙilu Aliyu da Gambo Hawaja sun yi waƙoƙin da suka shiga zaure da kasuwa suka sa mutane tunani. A yau da yawa daga cikin abin da ake rerawa lokacin zaɓe kirarin mai kuɗi ne da zambon abokin hamayyarsa. A littattafanmu na ƙagaggun labarai kuwa, ɗan siyasa kullum Alhaji ne mai ƙaton ciki da jerin motoci. Ba mu cika ganin tela mai riƙe da littafin rajistar mazaɓa ba, ko shugabar matan da ta yi wa ƙawayenta alkawarin jari aka bar ta da kunya, ko ejan ɗin da aka miƙo wa kuɗin da ya fi cinikinsa na wata shida don ya kau da kai. A wurin waɗannan mutane ne gwagwarmayar zuciya take, kuma ita ce abincin marubuci. Bugu da ƙari, tsofaffin da suka riƙe rassan PRP a Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni da Unguwa Uku suna ta ƙarewa. Gidan Mambayya da ke Gwammaja, wanda yake ƙarƙashin Jami'ar Bayero, yana adana tarihin Malam Aminu, amma tarihin sakataren reshe yana cikin kansa ne kawai. Ya kamata matasanmu masu sha'awar rubutu su ɗauki biro da takarda su je su zauna da su tun kafin ƙasa ta rufe musu ido.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa a mazaɓa ake cin zaɓe, kuma jarin da ake ci da shi yardar maƙwabta ce ga mutumin da suka sani. Wanda ya karɓi wannan yarda ya miƙa wa ɗan takara ya ɗauki amana, kuma amana ba ta sauka daga wuya don an rantsar da gwamnati. Muna roƙon 'yan kwamitin mazaɓunmu goma, na kowace jam'iyya, kafin su sake yin sallama a ƙofar wata Iya, su tambayi kansu ko za su iya bi ta layin nan da rana tsaka bayan shekara biyu. Allah ya ba mu shugabanni nagari, ya ba mu ikon riƙe amanar juna, amin.